Ruwan da Ke Iske Amfani Ya Nuna

Gaisuwa ta musamman ga manoman Agye da Cadawa, da na Gazawa da Gangara, da na Gidan Rumji, Tibiri, Cadakori, Saye Sabuwa da Gidan Sori, maza da mata, da fatan an shiga kaka lafiya. Sharhinmu na yau a kan ruwan ƙarshen damina ne, ruwan nan da ke sauka bayan amfani ya riga ya nuna, ana shirin kai shi gida.

Magana ce mai nauyin faɗa a ƙasarmu. Wanda ya ga farin 1973 da na 1984, ya kuma ga iyaye mata jere da goyo a cibiyoyin tamowa na Maraɗi a 2005, bakinsa ba ya iya furta cewa ruwa ya yi yawa. Ka gai da dattijo ka ce ina ruwa, zai ce maka ruwa ya yi gyara, ko da katangar gidansa tana kwance. Tarbiyya ce mai kyau, ba kuma ni zan ce a bar ta ba. Sai dai malamai suna karantar da mu hadisin Anas, Allah ya yarda da shi, a kan mutumin da ya tashi ranar Juma'a ya roƙi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya roƙa musu ruwa. Aka yi mako guda ana sheƙawa. Da Juma'a ta zagayo aka sake tashi aka ce dukiya ta halaka, hanyoyi sun yanke. Manzon Allah bai tsawata wa mai maganar ba, addu'a ya yi a karkatar da ruwan zuwa kewaye, kan tuddai da kwaruruka. Saboda haka wanda ya ce ruwan Oktoba ya ɓata masa wake bai yi wa Allah butulci ba. Abin da ya faru ya faɗa.

Yankinmu na Maraɗi yakan samu ruwa tsakanin milimita 400 zuwa 600 a shekara, galibinsa cikin Yuli da Agusta. A ranar 30 ga Agustan 2024, abin da ya sauka a garin Maraɗi cikin ƴan sa'o'i ya kai milimita 150, wato rubu'in ruwan shekara ko fiye, aka rasa rayuka. A faɗin Nijar daminar ta ci mutum kusan 400, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, tsohon masallacin Damagaram ya rushe, aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba domin mutane na kwana a azuzuwa. Wannan kowa ya gani, an ƙirga, an kai agaji. Ɓarnar da nake son mu duba yau ba ta da ƙara. Babu mai ɗaukar hotonta. Tana faruwa ne tsakanin ranar da amfani ya ƙosa da ranar da ya shiga rumbu, kuma sau da yawa ruwan da ke yin ta bai kai ya cika tafki ba. Yayyafin dare uku a jere, da gari mai lumshi wanda rana ba ta fitowa sosai, ya isa.

Shuka tana shan ruwa ne don ta gina ƙwaya. In ƙwaya ta cika, sauran aikinta guda ne, ta bushe. Duk ruwan da ya zo bayan nan, da baya yake mai da ita. Manoman inabi a Faransa sun san wannan sarai: damina mai laima tana kumbura ƴaƴan har fatar ta tsage, hunhuna ta shiga nonon ta ruɓar da shi kwana kaɗan kafin tsinka, kuma a 2024 sun yi asara mai yawa saboda yawan laima. Masu dabino a Manga su ma da zullumi suke kallon hadari in dabino ya fara nuna. Mu namu inabin shi ne hatsi da wake da gyaɗa.

Hatsi ya fi sauran haƙuri muddin yana tsaye, domin iska na ratsa zangarniya ta busar da ita. Yana da lokutan rauni biyu. Na farko sa'ad da yake bununi: ruwa mai ƙarfi yana wanke garin furen, zangarniya ta fito da giɓi, laima kuma ta buɗe wa burtuntuna ƙofa. Na biyu bayan an kwantar da kara an yanke kai an shimfiɗa a ƙasa. Nan ne ruwan dare ke samunsa, gefen da ke ƙasa ya yi baƙi, gara ta hau, in aka ƙara kwana ƙwayar ta fara tsira tun tana jikin zangarniya. Mai gona ya ga hadari ya sake haɗowa, ya yi sauri ya ɗaure dami da sauran damshi ya jefa rumbu. Sai wata biyu ko uku a buɗe a ji wari, uwargida ta daka ta ga gari ya yi toka-toka, fura ba ta da ƙamshi.

Wake ba ya nuna lokaci ɗaya, shi ya sa ake roronsa sau biyu, sau uku. Kwanson da ya bushe yana jira a gona, in ruwa ya taɓa shi sai ya jiƙe, ƙwayar ta kumbura, ta yi tabo, wani lokaci ta tsira. Nijar ce ta biyu a duniya wajen noman wake bayan Najeriya, kuma waken jiharmu ya daɗe yana tafiya kasuwar Dawanau a Kano. Ɗan kasuwa fari tas yake nema. In ya tsoma hannu a buhu ya ga ja-ja da baƙi-baƙi, kuɗin tiya ya faɗi ke nan, ba ruwansa da cewa ba laifin mai shi ba ne. Ga kuma wani tarko. Buhun PICS mai ciki uku, wanda masanan jami'ar Purdue ta Amurka suka yi aikinsa tare da ma'aikatan cibiyar binciken noma ta INRAN na nan Maraɗi, ya raba mutane da yawa da zuba maganin ƙwari cikin abinci, domin toshe iska yake yi ƙwaro ya mutu. Amma buhun da ke hana iska shiga, laima ma ba ya barinta ta fita. In ka ɗaure ɗanyen wake a ciki, ka dafa shi da hannunka.

Riɗi in an yanke an jingina shi tsaye, guguwar hadari ɗaya na iya kifar da shi ƙwayar ta zube cikin rairayi. Aya kuwa, wadda Cadawa da Agye suka yi suna da ita, ba ta tonuwa sai ƙasa ta bushe ta yadda za a iya rairaye ta, don haka ruwan baya jinkiri yake jawo mata.

Bari in tsaya a kan gyaɗa, domin a nan abin ya fi yi mini ciwo.

Irin da ya fi yawa a gonakinmu shi ne 55-437, wadda muke kira Ƴar Dakar, daga Senegal aka kawo ta. Kwana 90 take yi. An so ta ne domin tana jure fari, tana kuma gamawa kafin ruwa ya ɗauke. Amma tana da hali guda: ƙwayarta ba ta barci. Akwai gyaɗar da in ta nuna sai ta yi makonni kafin ta yarda ta tsira ko da an jiƙa ta. Ƴar Dakar ba haka take ba. Ta nuna yau, ƙasa na da laima, za ta fara tsira a cikin kwansonta tana ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya shuka tsakiyar Yuni, gyaɗarsa ta isa cira tsakiyar Satumba. In ruwa bai ɗauke ba a lokacin, yana tsaka mai wuya. Ya bar ta, ta tsira, jijiyar da ke riƙe kwanso ta ruɓe, in ya zo cira rabin ƴaƴan su zauna a ƙasa. Ya cire ta, ba rana, ya tara ta tsibi, cikin tsibin ya yi zafi ya yi gumi, hunhuna ta kama.

Kuma asarar biyu ce, domin harawa ma ta tafi. Mutumin birni yana ganin harawa kamar ciyawa ce. Mu mun san ita ce ke riƙe jar akuya har bazara, ita ce ke sa ragon layya ƙiba, ita ce kuɗin da ake samu a watan Afrilu lokacin da babu abin sayarwa. Harawar da ruwa ya daka ganyenta kakkaɓewa yake yi, ta yi baƙi, sai sanda.

Wa ke ɗaukar wannan asara? Mu faɗi gaskiya. A gidajenmu da yawa gandu ake fara kwashewa, hatsin maigida ya shiga rumbu tukuna, sannan a waiwayi gamanar mata da ta samari. Gyaɗa da wake da riɗi kuwa, kaso mai yawa a gamana suke. Samarin da za su kama aiki, wasu suna Agadas, wasu Aljeriya da Libiya, wasu Najeriya. Kuɗin barema ya hau domin kowa a mako ɗaya yake neman hannu. Gyaɗar mace ce ke kwana a ƙasa tana jiran amalanke.

Wani zai ce ai tun kaka da kakanni ana ruwa a kaka, me ya sake? Abu biyu. Na ɗaya, irinmu ya sake. Kakanninmu suna haɗa hatsi mai sauri da maiwa da dawa mai nauyi, waɗanda ba sa fitar da kai sai rana ta fara gajarta, su nuna cikin raɓa bayan ruwa ya tafi. Farin shekarun 1970 da 1980 ya kore mu daga wannan, muka koma ga masu sauri, irin su HKP da Zatib da wake ɗan kwana 70. An yi daidai, sun ceci rayuka, har gobe kuma su ne ke kawo tumu lokacin da rumbu ya ƙare. Na biyu, ruwan ma ya sake hali. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa da ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Mun kuma ga shekarun da ruwa ya zarce har cikin Oktoba, kamar 2019. Rigar da muka ɗinka wa gajeriyar damina ce muke sawa a shekarar da damina ta yi tsawo. Ba ina cewa a watsar da iri mai sauri ba ne, domin baɗi fari na iya dawowa. Wanda ke da filin rabawa, ya raba, kada duk gonarsa ta nuna a mako ɗaya. Na san kuma a Agye da Gazawa ƙasa ta yi wa mutane kaɗan, mai kadada guda ba shi da wannan zaɓi. Shi abin da ya rage masa shi ne shanya.

A nan maganar ta wuce aljihu ta shiga jiki. Hunhunar nan mai launin kore da rawaya da ke kama gyaɗa da masara tana fitar da wata guba da masana ke kira afalatoksin. An gano ta ne bayan 1960, lokacin da talo-talo kusan dubu 100 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil. A 2004, a gabashin Kenya, mutum 125 suka rasu bayan sun ci masarar da aka adana da laima. Wannan in an ci da yawa a lokaci ɗaya ke nan. Abin da ya fi kusa da mu shi ne ci kaɗan-kaɗan shekara da shekaru. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa wannan guba a sahun farko na abubuwan da ke haddasa dajin hanta, haɗarin kuma ya fi tsanani ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda yake da yawa a cikinmu. Binciken da aka yi a Benin da Togo, aka buga a 2002, ya iske yaran da gubar ta fi yawa a jininsu su ne suka fi tsumburewa. Wuta ba ta kashe ta. Suya ba ta kashe ta. In dabba ta ci, tana fita a nono. Ba ruwa kaɗai ke kawo ta ba: gyaɗar da fari ya kama a makonninta na ƙarshe, ƙasa ta yi zafi kwanso ya tsage, ita ma tana ɗauka tun a gona. Amma laimar bayan cira ce ke ninka ta, ita ce kuma muke da iko a kanta.

Iyayenmu mata, ku gafarce ni, da ku nake nan. In an ɓare gyaɗa an tsince, mai kyau takan tafi kasuwa ko a ajiye ta iri. Ƴan ƙanana masu yamushi, da masu baƙi, da masu ɗacin nan da in ka tauna sai ka tofar, ina suke zuwa? Wasu a ba yara su ɓalɓala, wasu a haɗa a niƙa a yi ƙuli-ƙuli, wasu a zuba a miya. Ba mugunta ba ce, tattali ne, babu mai son zubar da abin da ya sha wahala a kansa. Amma gubar ba a warwatse take daidai cikin buhu ba, a cikin waɗannan ƴan ƙwayoyin take taruwa. Tsintar da kuke yi ita ce babban magani, in dai abin da aka tsince bai koma bakin yaro ba, bai kuma koma gaban akuyar da ake tatsa ba. A binne shi ko a ƙone.

Sauran dabarun ba baƙi ba ne, malaman gona sun sha faɗa, wasu ma daga tsofaffi aka koya. Kada a ƙirga kwana kawai, a tono gindi biyu ko uku a ɓare: in cikin mafi yawan kwanson ya yi duhu, ta nuna, kada a jira. In an cire, a kifa ta, ƴaƴa sama ganye ƙasa, iska da rana su same su, maimakon a tara babban tsibi. In hadari ya taso a rufe da tamfol, amma da ruwa ya ɗauke a yaye, domin ledar da ta kwana biyu a kan ɗanyar gyaɗa ta fi ruwan ɓarna. Zangarniyar hatsi a ɗora ta kan kara ko kan rumfa, kada ta kwanta a kan ƙasa tsirara. Kwanson gyaɗa in ya bushe, ka girgiza za ka ji yana ƙara. Hatsi da wake kuwa, a samu busasshiyar kwalba, a zuba ƙwaya da busasshen gishiri, a rufe a girgiza a ajiye ɗan lokaci: in gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran shanya. Masu yayyafa wa gyaɗa ruwa don ta yi sauƙin ɓarewa, don Allah a bari. Buhu kuma kada ya zauna a daɓe ko ya jingina da bango.

Duk wannan na mai gona ne. Amma ba adalci ba ne a bar masa kayan shi kaɗai.

Ku ƴan kasuwa na Cadawa da Gazawa da Tibiri, muddin tiyar busasshiyar gyaɗa tsintacciya da tiyar mai damshi kuɗinsu ɗaya, kun gaya wa manomi cewa wahalar shanya banza ce. Ku bambanta farashi, ko da dala biyar ce. Ku ma riba ce gare ku, domin kayan da ya ruɓe a sito naku ne. Masu fitar da aya zuwa Sifen, inda ake yin kunun aya a Balensiya, sun san cewa a bakin iyakar Turai awo ake yi. Gyaɗar ci a can ba a yarda gubar ta wuce kashi 4 cikin biliyan ba. Abin da Bature ya ƙi ba ɗansa, bai kamata ya zama abin da ya rage wa namu ba.

Ga hukuma kuma. Kowace shekara, wajen Afrilu, cibiyar AGRHYMET da ke Yamai da ma'aikatun hasashen yanayi suna fitar da hasashen damina, a ciki har da ko ruwa zai ɗauke da wuri ko zai jinkirta. A 2024 sun faɗi tun da wuri cewa ruwa zai yi yawa. Labarin farkon damina yana isowa ƙauye, domin kowa na tambayar ranar shuka. Na ƙarshenta ne ba ya isowa. Manomin da zai cire gyaɗa ranar Talata, abin da yake buƙata shi ne a gaya masa da Hausa, a rediyon garinsu, daren Litinin, ko akwai ruwa cikin kwana uku masu zuwa. Wannan ba ya cin kuɗi mai yawa, mu ma ƴan rediyo da namu alhakin a ciki. Kamar yadda ake kai taki shagunan kayan noma a watan Yuni, a kai tamfol a watan Satumba da farashi mai sauƙi. Duk inda aka gina sito na warantaj, inda manoma ke jingine amfaninsu su karɓi bashi su jira farashi ya tashi, a yi masa daɓen siminti na shanya a gefe, da na'urar awon laima guda ɗaya. Cibiyar IITA ta Ibadan ta fitar da wani magani mai suna Aflasafe, wanda ake watsawa a gona kafin fure, hunhuna marar guba ta riga mai guba kama wuri. Manomin Katsina yana iya samunsa, ya kamata na Gazawa ma ya samu irin wanda ya dace da ƙasarmu. Sannan in za a yi lissafin ɓarnar damina, bayan gidaje da dabbobi da gonakin da ruwa ya shanye a Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba, a aika malaman gona su buɗe rumbuna a watan Disamba su ga abin da ya shiga da rai da wanda ya shiga a mace. Garin da aka rubuta cewa ya noma abin da zai ishe shi, alhali kashi mai yawa ya yi hunhuna, ba zai shiga jerin masu samun hatsi mai rahusa na hukumar OPVN ba, sai a watan Mayu a ji kukansa.

Ba sai mun jira komai ya zo daga Yamai ba. Mutanen Ɗan Saga a gundumar Agye sun nuna wa duniya sassaben zamani, suka kafa kwamitin gari, maza da mata, mai tsaron itatuwan da suka bari a gonaki, har baƙi daga ƙasashe suna zuwa koyo. Garin da ya iya haɗa kai ya tsare gawo da kalgo shekara da shekaru, zai iya haɗa kuɗin tamfol goma, ya tsara gayyar cirar gyaɗa gida-gida, a fara da gonar da ta riga nuna, ko ta wace ce. Masu gari da limamai da shugabannin ƙungiyoyin mata, ku zauna a kan wannan tun kafin a fara cira.

Allah ya ba mu rana ta shanya, ya sa mu kai abin da muka noma gida lafiya.